Yadda Ƙadangare Ya Hana Mu Sallar La'asar

"Maimaita, mi ka ce?" Baba Umaru ya tambaya, ya dire kofin shayinsa.

Jiya ne a majalisarmu ta Kalgo, gindin dogon yaro. Ƙanena Nura, wanda ya dawo daga karatu a Maleshiya, ya hango ƙadangare bisa katanga. Cikin raha ya ce masana kimiyya "agama" suke kiransa, alhali can inda ya yi karatu agama na nufin addini.

Shi ke nan, ya kunna wuta.

Baba Umaru, dattijon majalisar, ya miƙe tsaye. "Wanga makirci na! Duk dabbobin duniya, sai ƙadangare za a laƙa ma sunan addini?"

Wani direba ɗan Gwandu ya ce ai girmamawa ce, tunda ƙadangare wuni yake yana ɗaga kai yana sunkuyawa. Nura ya ce harshen masanan da na Maleshiya ba su ma san juna ba, dacewa ce kawai. Aka ce ya rufa mana baki, karatun waje ya ɓata shi.

Muka rabu gida biyu. Ladan ya kira la'asar, aka tada iƙama, aka sallame, mu muna nan jijiyar wuya a tashe.

Liman ya biyo ta gabanmu. "Lafiya ban gan ku a sahu ba?"

Baba Umaru ya share gumi. "Malam, addini muka karewa."

Liman ya dube mu, ya dubi ƙadangaren, ya wuce abinsa.

Jama'a, a majalisarmu kaɗai ake wannan jihadin, ko har da taku?