Goron da Na Ƙi Kira Goro

Akwai abin da ya faru tsakanina da yayana a kan wata ambulan, kuma ko na tsufa na manta sunayen jikokina, wannan ba zai fita daga kaina ba. Zan faɗe shi yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya.

Muna sana'ar gyaɗa da masara a Garwa. Yayana ne ke shiga ƙauyuka yana saye, ni ce ke riƙe littafi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ni kaɗai ce a gidanmu ke karanta Faransanci, saboda haka tun mahaifinmu na da rai aka yi takardun sana'ar da sunana. Duk shekara ni ke sa hannu a takardar da ake kai wa ofishin haraji.

A wata shekara muka kama hayar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Bibemi, wurin wani Alhaji, aminin mahaifinmu. Muka biya shekara guda cif. Na rubuta hayar cikin kuɗin da muka kashe, aka cire ta daga riba, harajinmu ya ragu. Da damina ta kankama rufin ya fara yoyo, buhuna suka jiƙe, muka kwashe kayanmu saura wata huɗu. Ba mu yi ƙorafi ba. Ba a zuwa gaban aminin uba a ce masa rufinsa ya yi yoyo.

Shekara ta juyo, sai ga direban Alhaji a shago da ambulan. Ya ce Alhaji na gaishe mu, ga goro. Yayana ya yi godiya, ya sa a aljihu. Na ce ya fito da ita in ƙirga. Na ƙirga sau biyu. Hayar wata huɗu ce daidai, ko dala ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Na buɗe littafi, a shafin kuɗin da suka shigo. Yayana ya dafe shafin da hannu, ya tambaye ni tun yaushe ake biyan haraji a kan goro.

"Yaya, goron da ya san lissafin wata huɗu ba goro ba ne," na ce.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Na farko, bara mun gaya wa hukuma cewa wannan kuɗin ya fita. Na biyu, a kan maganarmu suka rage mana haraji. Na uku, kuɗin ya dawo. In ya dawo kuma muka yi shiru, maganar bara ta zama ƙarya, kuma sunana ne a ƙarƙashinta. Ya ce babu rasit, babu shaida, ba wanda ya gani sai direba, shi kuma direban goro aka ce masa. Na ce ni na gani.

Abin da ya fi yi masa zafi shi ne mutuncin Alhaji. Dattijon ya zaɓi kalmar goro ne don kada ya ce ya yi laifi, ni kuma ina so in rubuta cewa ya mayar da haya. A ganin yayana, wannan tona asirin dattijo ne. Yau na yarda akwai gaskiya a damuwarsa, amma ko a lokacin na san ba da Alhaji nake magana a littafi ba.

Yayana ya kai ƙarata wurin gwaggonmu. Ta kira ni, ta ce 'yata, mace ba ta ja da yayanta a kan takarda. Na durƙusa na saurare ta har ta gama, na ce ta yi haƙuri, ba zan sa hannu ba. Yayana ya ce zai karɓe littafin ya ba wani kontabul, wato akanta. Na ɗauko littafin da makullin durowa na ajiye masa a kan buhu. Na ce kontabul zai iya rubuta abin da ya ga dama, amma hannun da za a sa nawa ne, kuma yana nan a jikina.

Sati uku ba mu yi magana ba sai gaisuwa. Lokacin kai takarda yana matsowa. Ni kuwa na hau mota na tafi Bibemi da turare da atamfa ta uwargidan Alhaji. Na gaishe shi, na yi godiyar goro, da sunan goro, a gaban mutanensa. Da suka watse ya dube ni ya yi murmushi.

"Kin ƙirga, ko?"

Na ce na ƙirga, Baba. Ya ce ai ya san 'yar wa ya aika wa.

Da na dawo na gaya wa yayana wannan maganar, ban ƙara komai a kai ba. Washegari na iske littafin a kan teburina, makulli a samansa. Na rubuta kuɗin a shafin da suka shigo, na rubuta kusa da su cewa hayar bara ce da aka mayar. Muka biya abin da ya ƙaru. Ba mai yawa ba ne, amma yayana ya ji shi.

Har yau ba wani ma'aikaci da ya zo ya duba wannan shafin, kuma yayana ba ya barin in manta. Duk sanda baƙo ya miƙo goro na gaske, sai ya ce a ba hajiyar lissafi ta fara aunawa. Ina barinsa ya yi dariyarsa.

Abin da na koya shi ne, a gaban dattijo ina iya kiran abu da sunan da zai rufa masa asiri, kuma zan yi hakan da ladabi. A takardar da zan sa wa hannu kuwa, abu sunansa na gaskiya yake shiga, ko da gidanmu duka sun juya mini baya.