Ɗakin Ƙanƙara a Jarwal

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da maigidana ya gina ɗaki da ƙanƙara a Makka ba.

Lokacin muna unguwar Jarwal, muna saukar da alhazai a saman benenmu. Shekarar aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, sai muɗawwafi, wato jagoran alhazan da ke kawo mana baƙi, ya ce zai zo ya duba, in wurin bai yi masa ba zai kai su wani gidan. Abincinmu ke nan na shekara.

Ana haka wani alhaji fari sol, magini daga can ƙarshen arewacin duniya, ya sauka a maƙwabtanmu. Da guntun Larabcinsa ya ba Malam maigidana labari cewa a wajensu akan yanka ƙanƙara kamar tubali a yi wa baƙi ɗaki, ruwa ne simintin, ana zubawa yana kamawa. Ya ƙara da cewa rana kan yi watanni ba ta leƙo ba.

Malam ya dawo yana dariya, ya ce, "Hajiya, batun ranar nan ƙarya ce tsagwaronta. Amma na ɗakin, akwai hikima."

Na ce a hankali, "Malam, anya ba ƙaryar ce ke riƙe da ginin ba?"

Ya ce, "Ke dai da kika yi yaƙi da jahilci kin fi ƙarfin kowa."

Na bar shi da shirinsa. Amma na bi maƙwabta na aro duk wata randa da baho, na wanke indararo tas, na jera su a ƙarƙashinsa.

Da hantsi aka hau da sandunan ƙanƙara a buhuna. Malam ya jera, ya kafa ƙofar katako har da kwaɗo, sannan ya bi layi-layi da buta yana zuba siminti. Ni kuwa ina ƙasa ina jin indararo yana mini waƙa.

Bayan azahar muɗawwafi ya iso yana sharce gumi. Suka hau, na bi su da kofin ruwan da na ɗebo a randa. Babu bango ko ɗaya, sai ƙofa tsaye ita kaɗai, a kulle, Malam riƙe da mabuɗi.

Mutumin ya ce, "Ya Shaihu, ina ɗakin?"

Na miƙa masa kofin, na ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe, a sha da sanyinsa."

Ya shanye, ya nemi ƙari, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce gidan da ake shan ɗaki ba zai hana shi alhazai ba.

Har Malam ya rasu, in ya nemi ruwa nakan ce, "Bango ko rufi?"

Abin da na koya shi ne, in za ka ari ginin wasu, fara tambayar ko za su ara maka da ranarsu.