Yadda Maganina Ya Biyo Ni Har Ɗakin Inna

Ni haifaffen New Bell ne, nan Duwala, kuma da can mutumin kirki ne, ko da yake yanzu sai na rantse ake yarda. Na yi makarantar Faransanci har na gama sakandare, na sami aikin miƙo kwali a wani kantin magani. Inna, mahaifiyata, da tuyar ƙosai ta raine ni ita kaɗai, kuma duk wanda ya tsaya gaban kaskonta sai ya ji cewa ɗanta dokta ne. Ban taɓa gyara mata ba. Ku samari, ku riƙe wannan, don daga nan ɓarna ta soma.

Wata rana mai kantin ya ba ni tsofaffin na'urorin awon jini guda biyu ya ce in zubar. Ɗaya, ko jariri ka ɗaura wa sai ta nuna jininsa ya hau. Ɗayar kuwa ko mutum yana dab da kifewa sai ta ce lafiyarsa lau. Maimakon bola sai na kai su gida. Da wasa na ɗaura wa wani tela ta farko, nan take gumi ya karyo masa, ya fara yi mini wasiyya a kan kekensa na ɗinki. Na miƙa masa kofin folere, wato zoɓo, na ce ya shanye ya ɗan huta, sannan na ɗaura masa ta biyun. Mutumin nan ya rungume ni yana hawaye, ya cusa mini na goro a aljihu. Da na mayar masa a ranar, da ba ku karanta wannan labarin ba.

Ba a daɗe ba na bar aikin kanti ban gaya wa kowa ba. Na san a unguwarmu ba zan ci kasuwa ba, don kowa ya san ni tun ina yawo ba wando. Saboda haka kullum da safe sai in fita da farar riga kamar mai zuwa aiki, in hau bensikin, babur ɗin haya, zuwa unguwar Ndogbong can nesa da tamu, in shiga bayan wani gareji in zura babbar riga, in naɗa rawani. Sai ga Malam Na-Agadas ya fito, masanin itatuwan hamada. Ni kuwa ko Yawunde ban taɓa wucewa ba. Malam ba ya jin Faransanci sai 'yan gutsattsari, don na lura mutane sun fi amincewa da mai maganin da bai yi boko ba. Wahalar da na sha wajen ɓata harshen da na yi shekaru ina koyo, ga rawani a zafin Duwala, Allah kaɗai ya sani.

Maganin kuwa folere ne da citta da kanumfari, sai ɗan sabara don ya yi bauri, saboda abin da ba ya ɗaci ba a ɗaukarsa magani. Kwalba mai jan murfi ta zuciya ce da hawan jini. Mai koren murfi ta mata ce: ciwon mara, sanyi, zafin jikin da ke taso wa manyan mata, har da neman haihuwa. Tukunya ɗaya ce. Ranar da jan murfi ya ƙare, duk masu ciwon zuciyar Ndogbong maganin haihuwa suka sha, kuma ba wanda ya kawo ƙara.

Abin da na manta shi ne, magani a hannun matanmu ba ya zama wuri ɗaya. Wata 'yar unguwarmu da ke aure a Cité des Palmiers, kusa da Ndogbong, ta saya, ta kawo wa uwarta, uwar ta kai wajen taron adashi. Na dawo wata rana da la'asar na tarar da kwalbata mai jan murfi a zaune a kan teburin Inna. Inna kuwa hawan jininta na gaske ne, likita ya ɗora ta a kan ƙwaya tun da daɗewa, ya ce kada ta kuskura ta tsallake.

"Inna, wannan fa?" na ce.

"Maganin wani bawan Allah ne daga Agadas. Na ajiye ƙwayoyin nan naku masu sa ni fitsari."

"Inna, irin mutanen nan 'yan damfara ne."

"Kai, rufe mini baki! Ku 'yan farmasi baƙin ciki ne da ku. An ce mutumin ko Faransanci ba ya ji, ina zai koyi ƙarya?"

Magana ɗaya ce za ta raba ta da kwalbar nan, in ce mata ni ne. Na kasa. Tsoron in ga fuskarta ya fi mini tsoron abin da zai same ta, kuma wannan shi ne abin da har yau ya fi ci mini rai. Sai na yi dabara irin ta wawaye: in ta fita wajen tuya sai in daka ƙwayoyinta na asibiti in zuba a kwalbar, in girgiza. Ciwon kan da ya fara damunta ya lafa. Inna ta ɗauki yabon Malam ta shiga gida-gida da shi. In kwalba ta ƙare ni take aika in sayo wata, har da saƙo: "Ka gaishe shi, ka ce ya sa ɗana a addu'a Allah ya ba shi mata." In amsa da to, in tafi in dawo in ce Malam ya ce ya ji.

Na lura kwalbar tana saurin ƙarewa, na ɗauka son maganin ne. Ashe Inna ba ta iya cin alheri ita kaɗai ba. Duk maƙwabciyar da ta shigo da ƙorafi sai an tsiyaya mata a kofi. Garin ƙwayar kuwa kwanciya yake yi a ƙasa in ba a girgiza ba, Inna tana shan ruwan sama. Gindin kwalbar, wanda mata suka yanke hukuncin ya fi ƙarfi, sai ta ajiye wa aminiyarta Goggo Hassana, wata siririyar tsohuwa da jininta bai taɓa hawa ba, ciwon gwiwa kawai take fama da shi.

Ranar wani suna da hantsi Goggo ta shanye gindin kwalba, ta miƙe za ta yi guɗa, ta zube a kan tiren waina. Aka kwashe ta sai asibiti, Inna ta bi su riƙe da kwalba, aka kira ni tunda ni ne doktan unguwa. Likitar, wata mace mai ƙaramin jiki, ta ce jinin Goggo ya faɗi ƙasa warwas, tana bukatar sanin abin da ta sha yanzu-yanzu.

"Itatuwa ne kawai," in ji Inna, na fassara. "Mai shi mutum ne mai tsoron Allah."

Na leƙa na ga Goggo a kwance, leɓenta ya yi fari. Matar nan ta goya ni ina ƙarami. Sai na ji bakina yana faɗin sunan ƙwayar da yawan da na zuba, da Faransanci tsantsa. Likitar ta dube ni ta ce, "Kai ta yaya ka sani?" Na ce ni ne Malam. Inna ba ta jin Faransanci sosai, amma wannan ta ji shi. Ta ajiye kwalbar a ƙasa a hankali ta goge hannunta da gefen zane.

Goggo ta tashi, alhamdu lillahi. Ɗanta, ma'aikacin ofis ne, ya kai ni wajen 'yan sanda. A kotu matan Ndogbong suka cika benci. Wata da ta sha koren murfi kusan shekara ba ta damu da folere ba, abin da ya ƙona mata rai daban ne. "Ashe yana jin Faransanci!" take ta faɗa. "Duk abin da muke faɗa a gabansa game da mazajenmu, ashe yana ji!" Aka ɗaura wa alƙali na'urar farko don gwaji, ta ce jininsa ya hau. Ina jin a ranar ne kaɗai ta taɓa faɗin gaskiya.

Aka yanke mini ɗauri. Gidan yarin a unguwarmu yake, ina jiyo kiran sallar masallacinmu daga ciki. Inna tana aiko da abinci, amma ba ta zo ba. Daga baya na ji dalili. Tun ranar asibiti ta ce ba ta ƙara shan kowane magani, na bature ko na gargajiya, tunda wanda ta haifa ma ya iya zuba mata abin da ba ta sani ba. Jinin ya hau ya buge ta. Ta rayu, amma hannunta na hagu bai ƙara ɗaga kasko ba.

Na fito na tuba, na bi gida-gida na nemi gafara. Yanzu ni ke tuya ƙosan, unguwa kuma ba ta fasa kirana dokta ba, sai dai da dariya. Ku matasa, ba na ce itatuwa ba su da amfani, amma wanda likita ya ɗora a kan maganin zuciya kada ya ajiye don kwalbar bakin titi, mace mai ciwo kuma ta je a duba ta. In kuwa ƙaramar ƙarya ta fara kawo muku na goro, ku mayar tun a ranar, domin abin da ka dafa wa uwar wani zai iso ɗakin taka.

Inna ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, ta kuma koma shan ƙwayarta. Kullum da safe ni nake kai mata, da kofin ruwa. Sai ta karɓi kwalin da hannunta mai lafiya, ta juya shi ta duba, ta miƙo mini ta ce, "Ɓare a gabana." Ruwan kuma sai na fara kurɓa kafin ta sha.