Ciwon Cikin Tayyiba da Motar Abuja

Tayyiba 'yar Suleja ce gaba da baya. A nan ta koyi buga tafireta, har yatsunta suka fi bakinta sauri, alhali bakin ma ba baya ba ne. Da ma'aikatun gwamnati suka taso daga Legas zuwa Abuja, aka ɗauke ta aiki a wani ofis. Ranar da takardar ɗaukar aikin ta fito, mijinta Ummaru, bakanike a Gauraka, ya yanka kaji biyu, ya bi maƙwabta yana shelar cewa yanzu gidansa akwai mai fansho.

Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne halin daraktan ofishin. Mutumin nan bai taɓa kiran sunanta ba, ƙararrawa yake buga mata. Da safe ya ce a rubuta kaza, da rana ya rantse bai ce ba, ya kece takardar a gaban baƙi. In ta yi daidai, shiru. In ta kuskure, duk benen sai ya ji. Ba ya kuma tuna aikin gaggawa sai motar ma'aikata ta kusa tashi.

Ba a jima ba ciki ya fara murɗa mata, ƙirji na zafi, kai kamar ana daka sakwara a ciki. Ta rame har zobe na sulluɓewa daga yatsa. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya hana ta yaji. Ta bar yaji, ciwo bai bar ta ba. Tsoro ya kama ta sosai, don ta fara ganin ba lallai ta ga auren 'yarta Jannatu ba.

A daminar 1994 surukarta ta kawo Inna Asibi mai magani daga Izom, da kwalbar jiƙo mai ɗacin tsiya. A makon ne kuma ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki, mota ta yi wuya, ofis ya ce mazauna Suleja su zauna gida tukuna.

Kwana uku da fara shan jiƙo, Tayyiba ta cinye malmala biyu ta nemi ƙari. Cikin mako ta koma yaji, ba abin da ya same ta. Kumatu suka fito. Kai, jama'a! Ita da kanta ta zama kakakin Inna Asibi: gidan suna, gidan biki, layin famfo, ko'ina tana nuna damtsenta. Mata suka yi ta tururuwa Izom, har da masu ciwon gwiwa.

Da mai ya dawo, ranar Litinin ta ci ado, ta jefa kwalba a jaka, ta nufi tasha tana taƙama. Tana ɗora ƙafa a kan matakin motar Abuja, ciki ya murɗa kamar ana matse wanki. Ta sauke ƙafar, ta ja da baya. Ya lafa. Ta kurɓi jiƙo, ta sake ɗorawa. Ya murɗa. Ta sauke. Ya lafa.

"Madam, you dey go abi you no dey go?" in ji direba. "Ko rawa kika zo yi mana?"

Tayyiba ta gwada sau ɗaya kuma don ta tabbatar, sai dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ƙofar mota tana ƙyaƙyatawa har hawaye. Ashe duk ɗacin nan a banza ta sha! Ciwonta na can Abuja, zaune a kujera mai juyawa.

"Ku tafi," ta ce da direban. "Ku gaishe shi."

Motar Gauraka ta shiga, tana dariya ita kaɗai har fasinjoji suna matsawa. Ta iske Ummaru a ƙarƙashin wata tsohuwar fijo, ƙafafu kawai a waje.

"Baban Jannatu, fito. Na bar aiki. Teburi zan kafa a bakin kotu, in riƙa buga wa mutane takardu."

Ya fito a firgice. "Aikin gwamnati fa, Tayyiba! Fanshon fa?"

"Mai rai ake ba fansho," ta ce. Ta tsaya jiran hukuncinsa, don ta san irin burin da ya ɗora wa aikin nan, ta kuma san in ya ce ta koma, komawa za ta yi.

Ummaru ya goge hannu da tsumma yana kallonta.

"Tun kina bakin titi nake jiyo wata tana dariya," ya ce. "Wallahi ban gane ke ce ba. Shekara huɗu rabon da in ji ta."

Ya jefar da tsumman, ya tambaye ta ko nawa tsawon teburin zai kai, don akwai kafinta a bayan gareji.