Diflomar da Na Yi da Furfura a Gemu

Shekarun baya, ni da wani abokina muna da rumfa ɗaya kusa da kotu a Kankia. Sana'armu rubuta wa mutane takardu: takardar rantsuwa, yarjejeniyar sayen gona, canjin suna, da makamantansu. Shi ya riga ni farawa, ni kuma na fi shi saurin buga tafireta, sai muka haɗa teburi. Kullum in hau babur daga Kusada da safe, in koma bayan la'asar. Ba arziki ake yi ba, amma ana rufa asiri.

Wata rana aka tara mu, duk masu wannan sana'a, aka ce nan gaba ba za a karɓi takardar kowa ba sai wanda ya yi rajista. Rajistar kuma sai mai difloma a fannin shari'a. Aka ce za a ba mu lokaci mu shirya.

Muna fitowa abokin nawa ya kakkaɓe hularsa ya ce, "Ni fa ba inda za ni. Da jikokina zan koma aji?"

Na ce, "In suka tashe mu fa?"

"Sai in koma gona a Rimaye. Can ba mai tambayata takarda."

Ni ban da irin wannan zuciyar. Gonata ba ta kai mu ko rabin shekara, ga yara. Na ɗauki takardar sakandarena na tafi Katsina neman gurbin karatu. Matar da ke karɓar takardu ta duba, ta miƙo mani abina. Ta ce, "Malam, ba ka da kiredit a Turanci. Sai ka gyara wannan tukuna."

Ni da nake cin abinci da Turanci! Na fito ina huci. Sai da na zauna jarrabawar na gane gaskiyarta. Ashe Turancin da nake taƙama da shi 'yan layuka ne da nake maimaitawa kullum, suna kawai nake canzawa. Ranar farko ma mai tsaron jarrabawa ya tare ni a bakin ƙofa, cikin ladabi ya ce, "Baba, iyaye a waje suke jira." Na ce mashi ni ma ɗalibi ne. Yaran suka yi ta ƙunshe dariya. Na faɗi a wannan karon. Da shekara ta zagayo na sake zama, na samu da ƙyar.

Daga nan aka shiga karatun diflomar, na ƙarshen mako. Litinin zuwa Juma'a ina rumfa, Asabar da asuba in kama motar Katsina, in kwana a ɗakin wani ɗan uwanmu, Lahadi da yamma in dawo kamar an yi mani duka. Damina ta zo, ranakun da zan yi noma su ne ranakun aji, ciyawa ta fi dawata tsawo. Biki da suna duk matata ke zuwa ba da haƙuri a madadina. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, lokacin jikinta ya fara rauni. Duk Juma'a in na je sallama sai ta ce, "Kai wannan karatu naka ba ya ƙarewa ne? Ka zauna mu yi hira mana." In ce mata saura kaɗan, Inna. Ta rasu ina zangon ƙarshe.

Shi kuwa abokina yana nan a rumfa yana shan rake. In na dawo da littattafai ya ce, "Lauya, an dawo?"

Da takardar ta fito na sa ta a leda, na saka babbar riga, na ce mashi ya raka ni ofishin rajista, ko ba komai ya ga yadda ake yi. Jami'in da muka tarar sabo ne. Na ajiye mashi diflomar da hannu biyu. Ya ɗan leƙa, ya tura ta gefe.

Ya ce, "Ai tuni aka sassauta wannan. An ga kusan ba wanda ya cika sharaɗin. Duk wanda ya daɗe a sana'ar, shaidar mai unguwa da hoto sun isa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ba a faɗa maku ba?" Sai ya juya ga abokina. "Kai ma sana'ar kake? To kawo naka gobe, a haɗa a yi maku tare."

Haka aka yi. Rana ɗaya muka karɓi katinmu, iri ɗaya, hatimi ɗaya. A hanyar dawowa na zaci zai yi mani tsiya. Bai yi ba. Yana bayan babur, can ya ce, "Ka yi haƙuri. Wallahi ni ma ban sani ba." Wannan ne ya fi yi mani ciwo. Da dariya ya yi, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Ba zan ce karatun banza ba ne. Yanzu in mutum ya zo da yarjejeniyar da za ta cuce shi, nakan gane, in ce mashi ya nemi lauya kafin ya dangwala hannu. Da can bugawa kawai nake yi. Ban kuma riƙe kowa a zuciya ba, don ban ma san wa zan riƙe ba. Gajiyar ce dai ba ta sake ni ba. Har yau in Asabar ta zo, jikina kan tashe ni tun kafin kiran salla, in fara laluben takalmi. Sai in tuna babu motar da zan kama, in zauna a bakin gado.