Fundi Mshangama da Ranar da Muka Ba Inji Ruwan Shanmu

Duk wanda ya taɓa sallar asuba a masallacin bakin ruwa na tsibirinmu ya san mai fara fita bayan sallama. Fundi Mshangama ne, bakaniken injinan jirgi. Yakan gyara ɗaurin zanensa ya gangara bakin teku daidai lokacin da masunta suke tayar da injinansu, ya bi su jirgi-jirgi yana kasa kunne. Wannan ya ce masa fuloginsa ya yi datti, wancan ya ce masa ko jaki ba a yi wa irin azabar da yake yi wa injinsa. Sai ya gama zagin kowa sannan ya koma rumfarsa ta gindin kuka, ya karya da dafaffen rogo da gahawa mai ɗaci, ya buɗe akwatin sifanoninsa.

Ba zan ce muku mutum ne mai kawaici ba. In ya gyara inji, har ƙauyen da ke bayan tsibiri sai an ji labari, kuma daga bakinsa. To amma a wannan watan da yake ajiye sifana saboda yanar da ta rufe masa ido, akwai wata rana da ta wajaba a tuna masa, ranar da shi da kansa bai cika baki ba.

Shekarar da damina ta makara ce. Rijiyoyinmu zartsi ne, tankunan da muke tara ruwan sama kuwa sun ƙafe har ƙasa. Manyan jirage duk sun tafi kamun kifi nesa, saura na Ussi Pandu, wanda kullum yake ƙetarawa Mkoani ya ciko mana jarkoki. Iskar kudu tana kan ganiyarta, ba kwale-kwalen da zai iya ƙetaren nan da kaya. Sai aka wayi gari igiyar ruwa ta cika jirgin Ussi a inda yake ɗaure, ya nutse da injinsa.

Kafin labari ya isa gindin kuka, majiya ƙarfi sun yi nutso sun kwanto injin, suna ta murna za su ɗora shi kan yashi. Sai ga Fundi a guje, ya tattare zane a hannu, yana ɗaga musu murya su mayar da shi cikin ruwa.

Ussi ya ce, "Fundi, lafiyarka kuwa? Da ƙyar fa muka ciro shi."

"To da ƙyar za ku mayar. Muddin yana cikin ruwa, tsatsa ba ta samun shiga. Iska na taɓa shi gishiri zai fara cinsa, kafin la'asar ya zama abin ɗaure akuya."

Suka mayar suna gunaguni. Fundi ya shimfiɗa buhuna, ya jera kayan aikinsa, ya sa aka kawo fetur da baƙin mai. Sannan ya juyo ya ce yana son ruwan daɗi, mai yawa, wanda zai ishe shi wanke injin ciki da waje.

Ruwan da ya rage a gidaje a ranar bai wuce na girki ɗaya ba. Bi Mboja, wadda 'yarta take jego, ta ce ko ɗigo ba za ta bayar a zuba wa ƙarfe ba, kuma ba wanda ya ga laifinta. Sai Bi Mwatima, taubashiyar Fundi, wadda tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da zagi ba, ta matso ta riƙe ƙugu.

"Kai tsohon banza, in na ba ka ruwana, wannan abin zai tashi?"

Kowa ya zaci zai daki ƙirji yadda ya saba. Sai ya ce, "Ban sani ba, Mwatima. In yashi ya shige cikinsa, ba zai tashi ba. Abin da na sani shi ne, in ba a wanke shi yau ba, ya mutu har abada."

Ta ce tunda yau Allah ya nufe shi da faɗin gaskiya, bari ta je. Ta dawo da tulunta a ka. Fundi ya ce gidan da yake da mai jego ko maras lafiya kada ya kawo komai. Daga nan fa sai ga mata a layi, wata da bokiti, wata da tukunya, wata da ɗan kwanon sha. Liman ya kawo butocin masallaci, ran nan da taimama aka yi azahar.

Aka ciro injin, Fundi ya hau shi ba ɓata lokaci. Ya cire murfi ya wanke ko'ina, yana tare ruwan a daro don ya sake amfani da shi. Ya kwance fulogai, ya sa aka kifa injin, ya ja igiya a hankali, ruwan teku ya yi ta tsartuwa ta ramukan. Da ya ji ba ƙarar yashi, sai ya ce alhamdu lillahi. Ya ɗura mai ya juya, ya zubar, ya sake ɗurawa har ya daina fitowa fari-fari kamar madara. Kafireto kuwa ya warware shi ɗai-ɗai ya wanke da fetur. A wannan tsakanin ruwan teku ya janye, maza suka kwashe wanda ke cikin jirgi suka tayar da shi.

Aka ɗaura inji, Ussi ya ja igiya. Shiru. Ya ja har kafaɗarsa ta gaji, wani ya karɓa, shiru. Rana ta karkata, yara sun fara kukan ƙishi, ga tuluna a kife. Fundi bai kalli kowa ba. Ya sake buɗewa, ya bi wayoyin wuta da yatsa har ya gano damshin da ya ɓuya a cikinsu. Ya roƙi Mwatima murfin tukunyarta, ya ɗora bisa toka mai zafi, ya shanya su a kai. Da suka bushe ya mayar, ya ture Ussi gefe, ya yi bisimilla ya fizga da kansa.

Injin ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, ya yi kamar zai mutu, sai kuma ya ɗauka da ruri. Wayyo daɗi! Guɗa ta kaure, tsofaffi suka shiga ruwa da tufafinsu, liman yana ta kabbara. Fundi ya ce kada wanda ya kuskura ya kashe shi, sai ya yi zafi ya ƙone sauran damshin, a loda jarkoki a tafi yanzu. Sai kuma ya haye jirgin ya zauna kusa da injin, shi da kowa ya san teku tana juya masa ciki. Ussi ya shaida cewa Fundi ya yi amai zuwa da dawowa, amma hannunsa bai bar jikin injin ba. Kafin magariba suka iso da ruwa, jarkar farko kuwa Fundi ya ce a kai gidan Bi Mboja.

Kai ne wannan, Mshangama, mai tayar da abin da teku ta haɗiye. Kai ne ka yi shekaru kana shiga ruwa har wuya saboda injin wani, gishiri ya tsattsage maka hannu, ba ka taɓa cewa a jira gobe ba. Mun sha zaginka, mun kuma sha ruwa saboda kai. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma matasanmu da kuka iya tuƙi ba ku iya gyara ba, ku je ku zauna gabansa tun yana da ƙarfin yi muku faɗa. Ya ce ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son koyo, mace ko namiji. Sharaɗinsa ɗaya ne, mutum ya zo da shirin ɓata rigarsa.