Gwaggo Hajara da Zumuncin Nono

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, amma ban taɓa jin rashinta kamar bana ba. Ita ta karɓe ni da na iso New York da miji da ƙaramin ciki. A falonta na unguwar University Heights ta yi renon 'ya'yanmu, mu matan da ke sammakon fita aiki, 'yan Najeriya da 'yan Zangon Gana duka. Mace ce mai faɗa da saurin hucewa.

Gwaggo tana da labari guda da ba ta gajiya da shi. Ta ce kakar kakanninmu ce ta shayar da wani sarkin Musulmi na zamanin da, tun kafin a san bindiga a ƙasarmu, don mahaifiyarsa ta kwanta jinya bayan haihuwa. Ɗan kakar tamu ya tashi tare da sarkin, shi kaɗai ke shiga cikin gida ba a yi masa iso ba, shi ke gaya masa gaskiyar da waziri ke jin nauyin faɗa. Wata rana sarki ya ga wata yarinya ya ce zai aura. Tsohuwar ta shiga gaban fadawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ita ma na shayar da ita." Sarki ya sunkuyar da kai, magana ta mutu. Wane sarki ne, a wane gari? Gwaggo ba ta sani ba, kuma in ka matsa mata sai ta ce kai ɗan jarida ne?

Daga nan, in ji ta, matan gidanmu suka gaji al'ada: ba a shayar da ɗan wani a ɓoye. A falonta, in jariri ya tsananta kuka uwarsa na wurin aiki, wata mai goyo ta tausaya ta ba shi nono, sai Gwaggo ta kira mata biyu ta ɗaga murya ta ambaci sunan yaro da na wadda ta shayar. Mu kuwa dariya muke yi. Mukan ce, Gwaggo, nan Amurka ce, ba fada ba.

Bana dariyar ta ƙare. Ɗana Nura ya zo min da maganar aure, kuma yarinyar Zainab ce, 'yar marigayiya Ladi mutuniyar Kumasi, wadda tare suka yi rarrafe a falon Gwaggo. Na yi murna, sai kuma na tuna wani abu. Lokacin Ladi tana goyon Zainab, ni kuwa ina wuni a asibiti wurin aiki. In har ta taɓa shayar da Nura, to Zainab 'yar'uwarsa ce, aure ya haramta. Ladi ta rasu, Gwaggo ta rasu. Na yi wa Nura bayani da Hausa, ya amsa min da Turanci cewa wannan ba adalci ba ne, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na ji tausayinsa, amma ban iya cewa a ɗaura a kan shakka ba.

Na yi ta tunanin me Gwaggo za ta ce da ta ga yau. Yaran da ta goya sun zama ma'aikatan jinya da direbobi, suna haɗuwa ta waya, ba wanda ya san wa ya sha nonon wa. Na san da sai ta fara zagina tas, sannan ta ba ni amsa.

Cikin matan da take kira shaida, Hajiya Memuna kaɗai ta rage a nan, tana zaune wurin 'yarta a unguwar Park Hill, can tsallaken ruwa. Na hau jirgin ruwa na bi bas na same ta. Ta tsufa, amma hankalinta garau. Da na faɗi abin da ya kawo ni, dariya ta yi har da tafa hannu.

"'Yata, kwantar da hankalinki. Ina nan ranar da Nura ya ƙi yin shiru, Ladi ta ɗauke shi za ta ba shi. Hajara ta fizge shi ta ce a haɗa masa madara a kwalba. Ladi har ta ji haushi. Hajara ta ce mata, 'Mu nawa ne a garin nan? Na yarda mai goyon namiji ta shayar da namiji, mai goyon mace ta shayar da mace, amma in na mai da su duka 'yan'uwa, gobe wa za su aura?'"

Sai hawaye suka zubo min. Ashe lokacin da muke guje-gujen kama jirgin ƙasa, tunaninmu bai wuce kuɗin haya ba, ita tana zaune cikin kukan jarirai tana tunanin aurensu.

Gwaggo ba ta haihu ba, ba ta bar gida ko fili ba, kabarinta ma yana can nesa da inda aka haife ta. An sa ranar Nura da Zainab bayan Babbar Sallah. Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya kai haske kabarinki. Ke kika share wa auren nan hanya tun angon bai yi haƙori ba.